Cindo Mai Neman Ƙarshen Ƙidaya

A Tungar Gwanki, wani ɗan ƙauye da ke bakin gulbi, an yi wani mutum ana ce da shi Cindo. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, har shi kansa sai ya yi tunani kafin ya tuno shi. Da yatsu shida-shida ya zo duniya, shi ke nan suna ya bi shi. Ƙato ne na gaske, irin wanda zai saɓa buhun shinkafa a kowace kafaɗa yana tafe yana waƙa. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya neman kowa da faɗa. Matsalarsa guda ce: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya sa ido a kan tukunya, za ka dawo ka tarar ya kifa fuska a kan murfi, tururi na dafa shi.

Su uku ne a gidan. Akwai kawunsa Nomau, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, shi ne mai jirgin fito da ke haye gulbi da mutane. Akwai matar Cindo, Tabawa, mai suyar kifi, mace mai baki kamar aska. Ta yi aure biyu ta fito kafin ta aure shi. Da aka tambaye ta abin da ta gani a jikin Cindo, sai ta ce, "Na gaji da mazan da za su ce ɗaya suna nufin biyar. Wannan in ya ce ɗaya, ɗaya ce." Ba a daɗe ba ta gane cewa shi ma wannan hali da nasa ciwon kan.

Wata rana labari ya zo cewa mahaifin Tabawa, Malam Jibo, ya fara samun sauƙin zazzaɓin da ya kwantar da shi. Tabawa tana da kifi a kasko, ba ta da halin tashi. Ta ce, "Maigida, taimaka ka je unguwar gabas ka dubo mini Baba. Ka ce ina gaishe shi, gaisuwa ba iyaka."

Cindo ya isa da hantsi, ya tarar da tsohon a zaure a kan tabarma. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Cindo."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ya gaishe shi da iyali, ya gaishe shi da damina, ya tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kaji, ya tambayi jakin maƙwabci. Da ya rasa abin tambaya sai ya koma kan "ina kwana". Rana ta yi tsaka, bakin tsoho ya bushe da "lafiya lau". Ya miƙe ya ɗauki buta ya zaga bayan gida, ko ya samu ya huta. Bai gama tsugunawa ba ya ji murya ta jikin zana:

"Baba, sannu da aiki."

"Kai, ɗan nan! Na amsa, na amsa! Ya isa haka!"

"Baba, ka yi haƙuri, ba ni da ikon tsayawa. Ba iyaka aka ce. Sannu da ƙoƙari."

Mutumin da jiya sai an tallafe shi yake tashi zaune, sai ga shi ya haura danga ta baya da buta a hannu, bai tsaya ba sai gaban kaskon 'yarsa. Cindo na biye da shi yana yi masa sannu da gudu.

Tabawa ta zaunar da ubanta, ta ba shi ruwa, sannan ta juyo kan mijinta. "Kai kuwa wane irin mutum ne? In an ce ba iyaka, ai da yawa ake nufi."

Cindo ya ce, "To me ya hana a ce da yawa?"

Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Ashe mutane suna cewa abu ba shi da iyaka alhali yana da ita. Daga ranar ya ɗaura niyya, duk abin da aka ce ba ya ƙarewa sai ya je ya gano da idonsa.

Wata rana aka yi suna a gidan Alhaji Tsalha, attajirin garin, wanda ya daɗe yana zawarcin sarautar Sarkin Shanu. Ya yanka rago, ya tara jama'a, mai gari Barmo da kansa ya zo ya zauna a kan darduma. Maroƙi ya buɗe murya: "Tsalha na Tsalha, mai shanu bila adadin! Wanda ya ce zai ƙirga garkenka, furfura za ta riske shi bai kai rabi ba!"

Cindo yana cikin cin waina. Ya ajiye ta, ya suɗe hannu, ya fita ba wanda ya lura. Ba a gama rabon goro ba sai ga shi ya dawo yana haki, ya keta taro har gaban darduma.

"Alhaji, albishirinka!"

"Goro," in ji Alhaji yana murmushi, yana zaton wani babban baƙo ne ya iso.

"Sun ƙirgu. Bakwai ne. Da har na ce takwas, sai na matsa kusa na ga na takwas ɗin jaki ne."

Cindo ya cire hula ya miƙa wa maroƙi kansa. "Duba mini, na yi furfura?" Sannan ya tuna da sauran saƙo. "Af, makiyayin ma yana gaishe ka. Ya ce uku daga ciki na ƙanwarka ne, ran Laraba za ta aiko a kora mata."

Mai gari ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Maroƙi kuwa, da ya ga inda iska ta kaɗa, bai yi wata-wata ba ya sake kirari: "Tsalha mai huɗu da jaki, kaɗan mai albarka!" Alhaji ya zare takalmi ya wurgi Cindo, takalmin ya sauka a rawanin liman. Maganar sarauta ba a sake tayar da ita ba. Sunan Mai-huɗu-da-jaki kuwa ya bi gidan har jikoki.

Wata rana Kawu Nomau yana zaune a mashaya, ƙarƙashin kanya, yana ba masu jiran fito labari. Kawu yana da gemu har ƙirji, fari ƙal, yana ji da shi fiye da yadda yake ji da jirginsa. Kowace Juma'a sai ya taje shi ya shafa masa turare. Ya kama shi yana shafawa ya ce, "Abin da idona ya gani a gulbin nan ya fi gashin gemun nan yawa. Shi kuwa gemun nan, duk duniya ba mai iya ƙirga shi."

Cindo na gefe yana gyaran taru. Ya ɗaga kai ya dubi gemun.

Bayan azahar Kawu ya miƙe a inuwa. Barcinsa kuwa sananne ne, ko dorina ta yi gurnani a kunnensa ba ya motsi. Cindo ya matso ya fara: ɗaya, biyu, uku. Sai gashin ya riƙa cakuɗewa, wanda aka ƙirga ya koma cikin wanda ba a ƙirga ba. Ya sake farawa, abin ya sake rikicewa. Sai dabara ta zo masa. Ya ruga gida ya ɗauko almakashin Tabawa da faifai. Duk silin da ya ƙirga sai ya datse shi ya ajiye a faifai, don kada ya maimaita.

La'asar sakaliya Kawu ya farka, ya ji iska na taɓa shi a inda ba ta saba taɓawa ba. Ya kai hannu dama, gemu na nan. Ya kai hannu hagu, ya ji haɓa tsirara.

Cindo ya ce, "Kawu, koma ka kwanta, saura rabi. Amma daga yadda na ga tafiyar, zai ƙare."

Kawu ya zari gorar tuƙi ya bi shi, suka zaga kanya, suka ratsa kasuwar kifi, rabin gemu na kaɗawa a iska. Daga ƙarshe dole ya je wurin wanzami aka kwashe ɗaya ɓangaren, Cindo na tsaye daga nesa da faifai yana roƙon wanzami kada ya zubar. Kawu ya daɗe yana yawo da rawani naɗe har haɓa, baƙi na faɗuwa suna gaishe shi, suna tsammanin sarauta aka yi masa.

Wata rana Kawu ya ce tun da ƙidaya ce ta hau kan ɗan nan, gara a kai shi wurin masu ita. Aka sa shi a ajin yaƙi da jahilci, wanda Malam Isiyaku ke koyarwa da yamma a makarantar firamare. Malam Isiyaku saurayi ne ɗan birni, mai farar riga da sabon keke, kuma yana son aikinsa.

Ranar farko Malam ya zana da'ira biyu a allo. Ya ce, "In aka tara lambobi rukuni-rukuni, iri biyu ne. Akwai rukuni mai iyaka, kamar daga ɗaya zuwa goma, ko kwanakin mako. Ka fara, ka gama. Ko yashin bakin gulbin nan, duk yawansa, da mutum zai sami tsawon rai da haƙuri, sai ya kai ga ƙwayar ƙarshe. Yawa daban, rashin iyaka daban. Sai kuma rukuni marar iyaka." Ya rubuta ɗaya, biyu, uku, ya ɗiga ɗigo uku a gaba. "Ita ƙidaya kanta. Duk lambar da ka kai, ƙara mata ɗaya, ka sami wata. Ba ta da ƙarshe."

Cindo ya ɗaga hannu. "Malam, ka je ka gani?"

"Ba wurin zuwa ba ne, Malam Cindo."

"Haka aka ce da shanun Alhaji."

Aji ya fashe da dariya, tsofaffi har da buga benci. Ran Malam ya ɓaci. Ya ce, "To bi hanya ka nemo ƙarshenta. In ka samo, zo ka ɗauki kekena."

Gari na wayewa Cindo ya ɗaura guzuri ya bi hanya. A gefen hanyar akwai turakun lantarki da aka kafa tun shekarun baya, ba a taɓa ɗaura musu waya ba. Su ya bi yana ƙirgawa. Aka neme shi a gari aka rasa, har Tabawa ta fara tsayawa a ƙofar gida tana hangen hanya. Sai ga shi ya shigo makaranta ƙafa duk taɓo, ya yi sallama, ya ɗauki keke ya saɓa a kafaɗa, don bai iya hawa ba, ya yi gida. Malam ya biyo shi da alli a hannu yana ihu. Magana ta kai gaban mai gari.

Cindo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ya yi in bi hanya in nemo ƙarshen ƙidaya. Na bi, na samo. Ɗari uku da arba'in da ɗaya ce, tana ƙofar gidan ciyaman. Daga nan ba ko ɗaya."

Malam Isiyaku ya dafe kai. "Turaku ne suka ƙare, ba ƙidaya ba! Da an kafa wani turke a gaba, me za ka ce?"

"Da arba'in da biyu."

"In aka ƙara wani?"

"Da uku."

"In aka ƙara wani fa?"

Mai gari ya ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka. An riga an kai gidan ciyaman, ba za a ƙara ba."

Kowa ya yi dariya, ban da Cindo. Bakinsa na motsi, yana kafa turaku a zuciyarsa, wani gaba da wani, har suka wuce gidan ciyaman, suka wuce birni, suka shiga daji, ba su tsaya ba. Ya sauke keke a hankali ya jingine shi da bango. Ya ce, "Malam, ga kekenka. Ita wannan da gaske take."

Wata rana ya ce zai yi wa ƙidaya wayo. Tun da hanya ta yi tsawo, zai riƙa tsallake guda, ya ce biyu, huɗu, shida, ya rage rabin tafiya. Malam ya gaya masa cewa bibbiyu ma rukuni ne marar iyaka, ko goma-goma ya yi tsalle ba inda zai cim mata. "Amma gwada ka gani," in ji shi. "Sai dai ka tuna, a wannan rukuni babu ɗaya, babu uku, babu biyar." Cindo ya koma gida ya tarar Tabawa ta ɗora tukunyar miya ta shiga ɗaki ɗauko daddawa. Ya tsuguna ya ƙirga duwatsun murhu. Uku. Ya sa hannu ya zare guda. Tabawa ta fito ta tarar da miya na bin ƙasa, kaji na biki.

Ya ce, "Malam ya ce babu uku."

Da lokacin cin abinci ya yi, sai Tabawa ta ajiye masa malmalar tuwo guda, gaya. Yana kai hannu ta janye kwanon. Ta ce, "Af, na manta. Babu ɗaya."

Wata rana, zaɓe na matsowa, kansila ya aiko aka kafa tankin ruwa a tsakiyar gari. Ba wanda ya ga an haƙa rijiya, amma an ga wata motar ruwa ta zo da yamma ta cika shi ta tafi. Wani na hannun daman kansila ya hau benci ya yi shela: gobe mai girma zai zo ya buɗe famfo da hannunsa, zai raba shinkafa da atamfa, kuma wannan ruwa ba ya ƙarewa, har 'ya'ya da jikoki.

Cindo ya ji. Da sassafe ya je ya murɗa famfo, ya zauna a gindi ya naɗe ƙafa. Ruwa ya yi ta zuba har ya cika filin, agwagin gari suka taru. Da ya ga ɗigon ƙarshe ya faɗi, sai ya rufe famfon tsaf yadda ya same shi. Da jerin motoci suka iso, sai da aka shimfiɗa wa kansila katako ya taka. Aka yi jawabi, aka yi tafi, ya yanke ƙyalle, mai hoto ya saita, ya kama famfo ya murɗa. Famfo ya yi tari, ya yi tusa, ya yi shiru.

Cindo ya ɗaga hannu kamar a aji. "Ranka ya daɗe, kada ka wahala, na riga na duba maka. Mai iyaka ne. Tun hantsi ya ƙare."

Kansila ya juya a fusace, takalminsa guda ya maƙale a taɓo, bai tsaya ɗauka ba. Motar shinkafa da atamfa ta bi shi, ko buhu ɗaya ba a sauke ba. Mutanen gari ba su ce uffan ba a kan tankin da ba shi da rijiya, shinkafarsu kawai suke kuka. Mata suka yi wa gidan Tabawa tsinke da zagi, wasu suka rantse sun daina sayen kifinta. Mai gari ya kira Kawu ya ce, "Nomau, ɗauke kayanka. Daga yau iyakarsa bakin gulbi. Ka ba shi aikin da ko akuya za ta iya."

Wata rana a tsakiyar damina, gulbi ya cika ya batse, ruwa ja wur yana tafe da itatuwa. Ran kasuwar tsallake ce, ga kuma 'yan kai amarya. Mutane suka yi dafifi a mashaya da buhunan masara, da babura, da awaki, da gadon amarya da katifarta, da makaɗa da gangunansu. Tabawa ta zo da kwandon kifi, tun da kasuwar gari ta juya mata baya. Malam Isiyaku ma ya zo, zai je ganin gida.

Jirgin Kawu na katako ne, ya tsufa, an ɗaura masa inji a baya. Kawu ya san halin jirginsa, amma ya dubi jama'a, ya dubi ciniki, ya kau da kai. Ya kira Cindo ya nuna masa sarƙar da ke ɗaure da jirgin a jikin kanya, ya danƙa masa makullin kwaɗon. Ya ce, "Tsaya nan ka yi ƙidaya. In ƙidaya ta ƙare, ka buɗe ka sake mu." Nufinsa ya ƙirga masu shiga, in na ƙarshe ya shiga ya kwance jirgi. Ya wuce can baya wurin inji.

Mutane na shiga Cindo na ƙirgawa. Aka cusa, aka danna, aka ɗora wasu a kan buhuna, har bakin jirgi saura ƙiris ya haɗu da ruwa. Ta ƙarshe ta shiga, wata tsohuwa da zakara a hammata. Kawu ya ja inji ya tashi da ruri, makaɗa suka saki ganga.

Cindo ya ci gaba: "Tamanin da bakwai. Tamanin da takwas."

Wani abokin ango ya ce, "Kai! Wa kake ƙirgawa? Ba kowa a tudu! Saki!"

"Ba kai ka sa ni ba. Tamanin da tara."

Abokin ango ya diro da samari uku. Cindo ya dunƙule makulli a hannu, ya rungume kanya, ya rufe ido. Suka taru a kan hannu ɗaya suna ɓanɓara, kamar masu ɓanɓarar dutse. Suka cire takalma suka hau gadon bayansa da duka, ko gezau. Gwaggon amarya ta miƙe a cikin jirgi ta tsine masa tun daga kakanni. Tabawa ta ce, "Maigida, don girman Allah! Kifina zai lalace!" Can baya Kawu na ɗaga hannu yana ihu, amma inji da ganga sun haɗiye muryarsa. Cindo ya buɗe ido guda, ya ga Kawu na ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga masa kai, alamar aiki na tafiya.

Jama'a suka juya kan Malam Isiyaku. "Kai ka koya masa! Tashi ka kwance abin da ka ƙulla!"

Malam ya hau kan buhu ya haɗa hannu a baki. "Malam Cindo! Mutanen jirgi rukuni ne mai iyaka! Sun ƙare!"

"Na sani, Malam. Amma Kawu bai ce mutane ba, ƙidaya ya ce. Kai kuwa ka ce ba ta ƙarewa. Ɗari da goma sha shida."

Kawu ya ga abin ba na wasa ba ne, ya bar inji ya fara ratso jirgi, yana taka buhuna, yana taka awaki, yana taka mutane, yana rantsuwa yau sai ya karya ɗan nan. Ya kai tsakiya ke nan sai tsohuwa mai zakara ta ce, "Jama'a, wa ya yi mini fitsari a ƙafa?"

Wata ta ce ita ma ƙafarta ta jiƙe. Aka ɗaga buhu guda, sai ga ruwa na ɓulɓulowa. Katakon gindin jirgi ne ya sare saboda nauyi. Kafin a ce a kwashe, ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa. Jirgi ya yi ƙasa a hankali, kamar tsohuwar saniya za ta kwanta, ya zauna daram a kan yashin mashaya. Ruwa ya tsaya a ƙugun manya. Aka ɗaga yara a kafaɗa, awaki suka yi iyo, katifar amarya ta taso, ganga guda ta bi gulbi. Kowa ya taka ya fito tudu da ƙafarsa, ana salati, ana kiran sunayen juna. Duk wanda aka kira ya amsa.

Ba wanda ya ce a duba, amma kowa ya juya ya dubi tsakiyar gulbi, inda ruwa ke murɗawa, inda ko an haɗa gora biyu ba ta taɓa ƙasa. Da an sake su lokacin da suka so, a daidai can katakon zai sare. Tabawa ba ta iya ruwa ba, haka yawancin matan da ke ciki, balle goyon da ke bayansu. Ta zauna a yashi ta ɗora hannu a ka, kifin ma ta manta da shi. Kawu ya fito ruwa na zuba daga rigarsa, ya dubi jirgin, ya dubi yaran da ake saukewa daga kafaɗu, sai ya durƙushe. Abokin ango ya dubi takalmin da ke hannunsa, ya sake shi ya faɗi. Gwaggon amarya ta kwance bakin zane ta ciro goro jiƙaƙƙe, ta rasa yadda za ta fara miƙa shi.

Shi kuwa Cindo yana nan rungume da kanya, ido a rufe, baya duk shatin takalmi, baki na motsi. Tabawa ta tashi ta je ta dafa kafaɗarsa.

"Maigida," in ji ta, "buɗe ido ka gani."

Ya buɗe. Ya ga jirgi a cikin ruwa, ya ga jama'a jiƙe sharkaf sun kewaye shi suna kallonsa. Ya buɗe baki zai ci gaba, lambar ta gudu. Fuskarsa ta yamutse kamar zai yi kuka.

"Kun ga abin da kuka ja ko? Kun ɓatar da ni. Yanzu sai na koma farko."

Kawu ya share fuska da hannu ya ce, "Koma, ɗana. Duk wanda ya taɓa ka, ni da shi ne."

Cindo ya gyara tsayuwa, ya ƙara damƙe makulli, ya yi gyaran murya.

"Ɗaya."